Ƙanwata ta kafe sai karatun halayyar ɗan Adam, ta ina za ta bi?

Abban Hanifa, Ƙaura Namoda:
Assalamu alaikum. Ƙanwata za ta zana JAMB bana, ta ce ita sai karatun halayyar ɗan Adam, tana son aiki da masu damuwa a asibiti. Maƙwabciyarmu ce sila: tun da ta dawo daga hannun 'yan bindiga ba ta barci, ko ƙarar mashin ta ji sai ta shige ƙurya tana makyarkyata. Baba ya ce in dai asibiti ne, ta yi likita kawai. Ni ke biyan kuɗin makaranta, shi ya sa nake tambaya: shekara nawa ne, kuma akwai aiki?

Maman Sadik, Gusau:
Wa alaikumus salam. Hanya biyu ce, kada Baba ya haɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa shekara 6 yake yi a karatun likitanci kafin ya shiga ƙwarewa, shi ke rubuta magani. Wadda take so kuwa digirin farko shekara 4 ne, sai bautar ƙasa, sai digiri na biyu a ɓangaren asibiti. Nan ne ake tura su horo wurare irin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna, su zauna da marasa lafiya babba na lura da su. Mai wannan karatu ba ta rubuta magani. Aikinta gwaji ne da zaman tattaunawa, mako bayan mako, har mutum ya iya riƙe kansa. Jos, Ibadan da Nsukka duk sun daɗe da wannan sashe. Amma ka ji da kyau, digirin farko kaɗai ba ya ba ta damar duba marar lafiya.

Ɗan Argungu:
Yaya, ka shirya aljihu. Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye ta 1958, amma doka daban, takardar ɗaukar aiki daban. Ƙungiyoyin agaji da wuraren gyaran masu shaye-shaye sun fi saurin ɗauka, a ganina.

Maman Sadik, Gusau:
Gaskiyarka. Sai dai matar da aka sato daga ƙauyen Anka ba za ta faɗi abin da aka yi mata a daji gaban namiji da tafinta ba. Mace take so, mai jin Hausarta. Su nawa gare mu?

Abban Hanifa, Ƙaura Namoda:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Yanzu aikin ya koma kan Baba, don ko Zariya bai yarda 'ya mace ta kwana ba, balle Jos. Zan fara da Inna.