Gem, jewel, jewellery, ornament: duka "kayan ado" ne?

1/ Masu fassara, ku matso mu raba gardama. Kalmomi huɗu na Turanci muke dunƙulewa mu ce "kayan ado", alhali kowacce da inda ta dosa.

2/ Gem shi ne dutsen kansa, an goge ko ba a goge ba. Shuɗin dutsen nan da ake haƙowa a tsaunin Mambila, tun yana tafin hannun mai haƙa da jar ƙasa a jikinsa, gem ne. Ni "jauhari" na zaɓa masa. "Dutse mai daraja" ya yi tsawo, kuma ya bar lu'ulu'u da murjani a waje, tunda su daga teku suke fitowa, halittun ruwa ke samar da su. Jauhari kuwa ya kwashe su duka, har da yaƙutu da zumurrudu.

3/ Jewel ce mai wuyar sha'ani. Galibi sai an yanka jauharin, an goge, an dasa shi a jikin wani abu. Ku ɗauki Cullinan, wani ƙaton jauhari da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905, nauyinsa karat 3,106. Ranar da ya fito daga rami gem ne. Da aka yayyanka shi, babban yankin ya hau sandar sarautar Ingila, na biyu ya hau kambin, sai suka zama jewels. Ina ba da shawarar "dasasshen jauhari". Idan a zobe yake, ba sai mun wahala ba, "idon zobe" ya wadatar.

4/ Af, Cullinan daiman ne. Mu daina ce wa diamond lu'ulu'u. Suratur Rahman, aya ta 22, ta ce lu'ulu'u da murjani daga teku suke fita, wato lu'ulu'u shi ne pearl. Daiman kuwa haƙo shi ake yi.

5/ Jewellery: abin da ake sawa a jiki, sarƙa, 'yan kunne, awarwaro, zobe. Nan "kayan ado" ya zauna daram. Gwala-gwalai sai in na zinare ne.

6/ Ornament ya fi faɗi, bai tsaya a jikin mutum ba. Jeren kwanuka a ɗakin amarya, kwalliyar dokin hawan sallah, duk sun shiga. "Kayan ƙawa" ke nan.

7/ Saura "dasasshen jauhari", wanda har yanzu yake min nauyi a baki. Maƙeran fari da 'yan kasuwar zinare, me kuke kiran dutsen da aka dasa a sarƙa ko a ɗan kunne?