Yarona ya hana kwamfuta hutu, wai yana neman lamba

Mai tambaya, daga Makka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana da ke sakandare ya sa wata manhaja a laftof ɗinsa, dare da rana tana aiki, fankarta na ta ƙugi. Wai yana neman lamba mafi girma da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, kuma akwai kyauta. Ga zafin Makka, ga kuɗin wuta. In kashe ne, ko in ƙyale shi? Damfara nake tsoro.

Malamin lissafi, Jidda: Wa alaikumussalam Alhaji. Ba damfara ba ce. Shirin GIMPS ne, na masu sa kai da ke neman irin waɗannan lambobi da kwamfutocinsu, tun 1996 ake yinsa. Lambobin da suke nema su ne na Mersenne: a ninka 2 da kansa sau da yawa, a cire 1. Ka ga 3, 7, 31, 127, duk haka suka fito. Amma ba kullum ake dacewa ba, don in aka jera 2 guda 11 aka ninka su da juna, aka cire 1, yana ba da 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce.

Wadda Luke Durant, wani mai sa kai a shirin, ya gano a Oktoban 2024 ita ce 2 guda 136,279,841 da aka ninka da juna, a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. In mutum zai rubuta ɗaya kowane daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya haura kwana 470. Ita ce ta 52 da aka sani a wannan dangi.

Ta yaya aka tabbatar? Ba rarraba ta ake yi da lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, wannan ba ya ƙarewa. Gwajin Lucas da Lehmer ake yi. Ɗauki 31: fara da 4, ninka shi da kansa ka cire 2, ka samu 14. Maimaita, 194, raba da 31, saura 8. Maimaita, 62, wadda 31 ke rabawa ba saura. Shi ke nan, ta tabbata. Ka ba yaron wannan ya yi da 127 a takarda. In ya iya, da gaske yake.

Wata uwa, Madina: Alhaji ka gode Allah lissafi ne ya ɗauke masa hankali ba wasannin waya ba.

Mai gyaran kwamfuta, Riyad: Malam ya yi bayani, amma batun kyauta kada yaro ya sa rai. Dala 3,000 ce, kuma daga 2018 zuwa 2024 ba wanda ya samo sabuwa. Durant ma manyan na'urori ya yi haya a ƙasashe da dama. Laftof ba don wannan wahala aka yi ta ba. Ya daina ɗora ta a kan katifa, ya ɗaga gindinta iska ta shiga, ya rage yawan aikin a cikin manhajar.

Mai tambaya: Na gode. Malam, da 127 ɗin sau nawa zai maimaita?

Malamin lissafi: Sau biyar, Alhaji. Kada ka bari ya taɓa kalkuleta.