"Rigakafi ya fi magani": har da gwajin da ba magani a bayansa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce "rigakafi ya fi magani". Duk mai son a fito allura ko gwaji da ita yake buɗe baki, har ta zama ba mai ja da ita. To ina tambaya, ta hau kan kowane gwaji? Ga masu kafa rumfa a bakin kasuwa, su auna hawan jini da suga kyauta, su rubuta wa mutum lamba a 'yar takarda, la'asar na yi su naɗe kayansu. Wanda aka ce jininsa ya hau, ba magani, ba takardar zuwa asibiti, rigakafi aka yi masa ko tayar da hankali?

Baba Mai Carbi: Wa alaikumus salam ɗana. Magabata da suka faɗi maganar nan nufinsu a tare abu tun bai iso ba. Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba. Mu mun ga magidanci a kwance damina guda, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke a ciki, gona kuwa ciyawa ta cinye. Ƙirgen 1988 ya nuna mutum sama da 650,000 na ɗauke da shi a Najeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Ƙyallen tace ruwa, rijiya mai kyau, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki, su suka kore shi. Janar Gowon da kansa ya riƙa bin ƙauyuka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a ƙasar. Ma'anar ke nan, ban ga abin ja ba.

Nas Hajiya: Baba, Allah ya ƙara girma, a kan kurkunu ba mai musu. Amma tambayar Ɗan Fagge daban ce. Tace ruwa hana ciwo shiga yake yi. Gwaji kuwa neman ciwon da ya riga ya shiga ne, mai shi bai sani ba, kuma ba ya warkar da kowa sai an bi shi da magani. Tun 1968 likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗa 10 na tara masu lafiya a gwada su. Daga ciki: ya zama ciwon yana da magani, akwai inda za a tabbatar da shi a kuma yi jinya, sannan aikin ya ɗore, kada ya zama sha yanzu magani yanzu. Rumfar kasuwar nan, in yadda aka siffanta ta ne, ta faɗi. Awon jini sau ɗaya, ga mutum ya sha rana ya sha tafiya, bai ma isa a ce yana da hawan jini ba.

Ɗalibin Samaru: Hajiya, bari in ƙara, gwaji yana iya cutarwa ko da maganin na nan. A Koriya ta Kudu, bayan 1999, asibitoci suka shiga yi wa masu lafiya hoton wuya da kuɗi kaɗan, ana neman kansar halittar nan da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Zuwa 2011 waɗanda aka ce suna da ita sun ninka na 1993 sau 15. Masu mutuwa da ita fa? Adadinsu bai motsa ba. Ashe ƙananan ƙulli ake ta tonowa, irin waɗanda mutum zai tsufa da su ba su taɓa shi ba. Aka yi wa dubbai tiyata, da yawa suka koma shan ƙwaya har ƙarshen rai, wasu muryarsu ta taɓu. Shi ya sa ba a auna shiri da yawan waɗanda aka gwada ko aka gano. Abin dubawa shi ne, mutuwa da jinya sun ragu?

Uwar Biyu: Ƙanena, ka bi a hankali. Wannan labarin in ya shiga majalisar unguwarmu, abin da za a riƙe kawai shi ne "likitoci ma sun ce gwaji cuta ne". Mun ga abin da jita-jita ta yi a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sai a 2004 aka koma, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mu matsalarmu ba yawan gwaji ba ce. Mace ce za ta yi wata da watanni tana zubar jini, kunya ta hana ta faɗa, sai an ɗauko ta ranga-ranga a ce kansar bakin mahaifa ce ta ci ƙarfinta.

Nas Hajiya: Gaskiyarki 'yar'uwa, kuma gwajin kansar bakin mahaifa ya cika sharuɗɗan. Ciwon yana shekaru yana tahowa kafin ya zama kansa. Ana shafa ruwan binega a bakin mahaifa, inda ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone wurin ko a daskarar da shi a zama ɗaya, mace ta koma gida. Ga kuma allurar HPV, wato ƙwayar cutar da ke jawo wannan kansar, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a Oktoban 2023. Ba cewa muka yi a guji gwaji ba. Cewa muka yi a tambaya: in an samu, sai me?

Ɗan Maraɗi: Mu nan mun ga amfanin allurar sanƙarau da aka soma a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010. Amma ku dubi maganin zazzaɓin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damana. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, sai ya bar wa uwa na kwana biyu, ya yi alama da alli a ƙofa, ya wuce. A takarda gidan ya samu. Wata uwar kuwa sai ta ɓoye sauran, wai sai ran da yaron ya kwanta. Wa ke komawa ya duba? Sai littafin gidan likita ne zai nuna ko yaran da ake kwantarwa sun ragu.

Baba Mai Carbi: To duk wannan laifin masu aiki ne, ina ruwan karin magana? Ba ita ta ce a auna mutum a watsar ba.

Ɗalibin Samaru: Haka ne Baba. Sai dai da ita ake rufe bakin duk wanda ya nemi bayani, shi ne abin da ya dame ni.

Uwar Biyu: Ni inda nake so a riƙa faɗinta da ƙarfi shi ne gwajin jini kafin aure, tunda Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Amma yaushe ake yi? Sai an kai lefe, an buga kati, saura mako biyu. A lokacin wane uba ne zai iya cewa a fasa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma har yanzu wasu sun ɗauka in AS ya auri AS, cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kaɗai zai zo da sikila, in an haife shi sauran sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa rabon, kashi ɗaya cikin huɗu, ana iya jera uku duk masu ita.

Ɗan Fagge: Hajiya Nas, to wanda aka riga aka haifa fa? Gwada jariri yana da wani amfani?

Nas Hajiya: Sosai. Wani bincike a Amurka a 1986 ya nuna ba ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum ya rage musu muguwar cutar da ke shiga jini da kashi 84 cikin 100. Amma sai an san yaron tun yana jariri, kafin zazzaɓin farko ya kayar da shi. Ka tambaya a inda matarka ke zuwa awo ko suna yi, in ba sa yi su faɗa maka inda za ku kai shi.