Ƙudan zuma sun tashi daga amya, zumar kuma ta yi tsami: ina matsalar take?

Ɗan Ikorodu:

Assalamu alaikum. Masu kiwon zuma, a taimaka da shawara. Amyoyin katako ne irin na Kenya, masu sanduna a sama, a wata gona bayan Ikorodu ta hanyar Epe. Biyu ƙuda sun shiga da kansu har sun yi saƙa. Da ruwa ya kankama a watan Yuni, ɗaya aka wayi gari ba kowa. Ɗayar aka ɗebi zuma kaɗan a Yuli, ba a jima ba ta fara kumfa da tsami, har robar na kumbura. Yanayin Legas ne bai karɓi kiwon ba, ko da gyara?

Malam na Agege:

Wa alaikumus salam. Da gyara, Malam. Ka fara rarrabe abu biyu. Akwai rabuwa: gida ya cika, tsohuwar sarauniya ta fita da kusan rabin ƙudan, a bar sabuwa. Wannan alamar ƙarfi ce. Naka tashi ne gaba ɗaya, kuma ƙudan zumar Afirka ta Yamma sun yi suna a kansa, ba sa zama inda aka takura musu.

Koma ka buɗe amyar, saƙar za ta faɗa maka dalili. Idan ka tarar da ita fes, ba zuma, ba ƙwai, ba tsutsa, yunwa ce. Da abinci ya yanke sai sarauniya ta daina ƙwai, su jira 'ya'yan da ke ciki su fito, kusan mako uku ke nan daga ƙwai zuwa ma'aikaciya, sannan su kama hanya. Idan kuwa sun bar 'ya'ya a baya, korarsu aka yi. Kwarkwasa kan iya tayar da amya a dare ɗaya. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo a cikin saƙa aikin tsutsar wani malam-buɗe-littafi ne mai cin kaki. Saƙa mai yauƙi da warin ruɓaɓɓen lemo kuwa, ƙaramin buzuzun amya ne ya yi ƙwai a ciki. Ka duba ƙasan amyar ma ko ruwa ya kwanta. Ɗakin 'ya'yansu sai ya tsaya a zafin digiri 34 zuwa 35, amyar da ke yoyo ba za su iya ɗumama ta ba.

A ɗora amya a kan ƙarfe mai tsayin ƙugu, kowace ƙafa a cikin gwangwani da baƙin mai, a riƙa dubawa bayan ruwa don yana malalar da man. A nome ciyawar da ke taɓa jikinta, ita ce gadar tururuwa. Murfin kwano ya zarce jikin katako ta kowane gefe, a ɗan karkata amyar wajen ƙofa.

Hajiya mai zuma, Idi-Araba:

Ɗan'uwa, batun zumar, ɗanya aka cire. Ruwan fure da ƙuda ke kawowa galibinsa ruwa ne. Su ke fifita shi da fukafukai har ruwan ya sauko wajen kashi 18 cikin ɗari, sannan su liƙe bakin ramin da kaki. Duk zumar da ruwanta ya haura kashi 20, yis ɗin da ke cikinta zai tashi, shi ne kumfar da tsamin.

Kada a yanki saƙa sai an liƙe aƙalla kashi uku cikin huɗu nata. In ana shakka, a kifa ta a girgiza sau ɗaya: ta yi yayyafi, a mayar. Sannan zuma tana jan danshi daga iska, a nan Legas kuwa ko an cire ta nunanna, in ta kwana a buɗe a bokiti ta sha ruwa. A tace ta ran da aka cire, a busasshen mazubi, da kyalle mai tsabta, ba wuta, a rufe gam. Saƙar da ke da tsutsa ko garin fure kada ta shiga matsa.

Yuli ma ba lokacin ɗiba ba ne. Abin da ke ciki a lokacin guzurinsu ne na damina, ka ɗebe shi ka tura su hanyar da ƙudan amyar farko suka bi. A jira rani, Disamba zuwa Maris. Wadda ta riga ta yi tsami ba ta dawowa ko an tafasa, kada a sayar wa mutane.

Injiniya Mile 12:

Ƙari a kan na Malam: auna faɗin sandunan. Na ƙudanmu santimita 3.2 ne. Kafinta ya ƙara ko ya rage, sai su gina saƙa a gicciye ta haɗe sanduna uku, duk buɗewa sai ka fasa musu gini, fasawar kuma na sa su tashi. A ja layin narkakken kaki a tsakiyar kowace sanda, shi za su bi.

Yunwar damina tana da alama. In ka ga ƙuda sun yi dafifi a wurin masu rake da abarba, ko suna birgima a garin masara a injin niƙa, fure ya yi ƙaranci. A ba su sukari da ruwa, kofi ɗaya da kofi ɗaya.

Masu kankana, kabewa da kokwamba da ke kusa su ne za su fi cin riba, don furen namiji daban na mace daban, sai ƙwaro ya kai garin. Ka roƙe su su riƙa feshi da yamma liƙis, kuma ban da lokacin fure.

Malam na Agege:

Injiniya, sukarin nan da sharaɗi. A cikin amya ake sa shi, da magariba, gwargwadon abin da za su shanye a kwana biyu, da 'yan tsinke a kai don kada su nutse. A waje aka ajiye, an gayyato tururuwa da ƙudan wata amya su zo fashi. Da fure ya buɗe a daina, in ba haka ba sukari za ka tace.

Ɗan Ikorodu:

Allah Ya saka da alheri. An duba, saƙar ba zuma ba tsutsar ƙuda, amma zaren nan ya cika ta. A bar musu ita ko za su dawo?

Malam na Agege:

A'a. Tunda ba 'ya'ya, yunwa ce ta tashe su, mai cin kakin daga baya ya samu gida ba mai tsaro. Yanke saƙar duka, ka narka mai kyan a ruwan zafi ka tace kakin, sauran ka ƙone. Kankare cikin amyar, ka bi kusurwoyi da tsagogi da harshen wuta, nan ƙwansa ke ɓuya. Ta bushe a rana. Wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa na janyewa, ka goga kakin a sanduna da bakin ƙofa, ka sa allo ka raba cikin biyu don sababbin su samu wurin da za su iya tsarewa, kana matsar da shi baya yayin da saƙa ke ƙaruwa.