Kamun yayata ya faɗo ranar intabiyun makarantar likitanci, in ɗaga ko in haƙura da bikin?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni haifaffiyar Kano ce, amma a nan Amurka na yi sakandare da digirin farko, muna zaune da iyayena a gabashin ƙasar. Na tura takarduna na neman karatun likita ta AMCAS, shafin da ake neman makarantun likitanci na Amurka ta cikinsa, tun watan Yuni, kuma cikin ikon Allah makarantu huɗu sun kira ni intabiyu. Biyu na yi su a Satumba, har yau shiru. Sauran biyun ne suka hana ni barci.

Ta farko ita ce wadda raina yake so tun ina aji ɗaya a jami'a. Sun sa mini ranar Juma'a a makon farko na Nuwamba, ta bidiyo. Ranar nan kuwa ita ce kamun yayata a Kano, uwa ɗaya uba ɗaya, washegari ɗaurin aure. An sayi tikiti, an ɗinka anko. Na duba jadawalinsu, in na saki wannan ranar babu wata sai ƙarshen Janairu.

Ta biyun tana can yamma, tafiyar kusan awa biyar a jirgi, kuma su sai an je da kai, a watan Disamba. Kuɗin jirgi da masauki duk daga aljihuna ne, kuɗin makarantar ma yana da tsada, sannan Baba ya taɓa cewa ba zai bar 'ya mace ta yi shekara huɗu ita kaɗai a can ba. Zuciyata tana ce mini in rubuta musu na janye, in huta. Ku ba ni shawara don Allah.

Kawu na Bronx:

Wa alaikumus salam 'yata. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma na san auren fari sau ɗaya ake yinsa. Tunda su da kansu suka ba da ranar Janairu, ai ba laifi ba ne a ɗauke ta. Rabon mutum ba ya wuce shi. Ki je ki tsaya wa 'yar uwarki, Allah ya sa albarka.

Anti likita:

Kawu ka yi haƙuri, a nan zan saɓa maka kaɗan.

Ƙanwata, abu na farko da za ki yi gobe da safe shi ne ki kira ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar, ki tambaye su yadda suke raba gurabe. Makarantu kashi biyu ne. Akwai irin su Harvard da suke gama jin kowa, sannan su fitar da sakamako gaba ɗaya wajen watan Maris. A irin waɗannan, Nuwamba da Janairu kusan duk ɗaya ne. Amma mafi yawa suna bayarwa ne kaɗan-kaɗan: a yi intabiyu, kwamiti ya zauna, a ba wasu gurbi, a ci gaba. Wanda ya zo a Nuwamba ya tarar da tukunya cike. Wanda ya zo ƙarshen Janairu sau da yawa ƙanzo yake tararwa, ko da ya fi na farkon ƙoƙari, sai a ce ya shiga layin masu jira. To idan makarantarki irin wannan ce, ɗagawar wata uku ba ƙaramin abu ba ne.

Shirun makarantu biyun farko kuma kada ya dame ki. Bisa ƙa'idar AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, ba a fara sanar da masu neman digirin likita (MD) na gama-gari cewa an ɗauke su sai daga 15 ga Oktoba. Yau ko can ba mu kai ba.

Wannan ne ma ya sa nake roƙonki kada ki janye daga ta yamma yanzu. Kiran intabiyu ba gurbi ba ne. A 'yan shekarun nan mutum sama da 50,000 ne ke nema kowace shekara, masu shiga kuwa wajen 23,000. Na ga mai intabiyu biyar da ya tashi a tutar babu. A hannunki yanzu ba ki da komai sai fata, kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Intabiyun sai Disamba, kina da lokaci. Idan ɗaya daga cikin na Satumba ta ɗauke ki, kuma kin tabbata kin fi son ta a kan ta yamma, ranar nan ki rubuta ki janye da godiya. Kafin nan, ki riƙe.

Ɗan Fagge:

Tunda ta bidiyo ce, me zai hana ki yi daga Kano? Bayan Amurka ta mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba, tazararmu da gabashinku awa shida ce, ƙarfe tara na safe a can ƙarfe uku na yamma ke nan a nan. Akwai wuraren da ke da sola da Starlink, ba ruwansu da ɗauke wuta. Ki kama ɗaki a otal na yini guda kawai.

Ɗalibin shekara ta biyu:

Ɗan Fagge, ƙarfe uku na yammar Juma'a ai lokacin ne ake shirin fita kamu. Ga gajiyar tafiya, ga barcin da bai daidaita ba, ga 'yan uwa da za su yi ta kiran wayarta ana neman ƙanwar amarya. Jikinta yana otal, hankalinta yana gidan biki.

Sannan ki duba ko irin intabiyun nan ne na MMI, wato gajerun intabiyu da yawa a jere, wanda jami'ar McMaster ta Kanada ta fara. A nan ba hira ɗaya ake yi ba, tasha-tasha ne, kowace 'yan mintuna, kowace da mai tambayarta da makinta. Intanet ya yanke miki minti uku, rabin tasha ta tafi, kuma ba lallai a maimaita miki ba.

Ni na taɓa ɗaga nawa. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni kwana uku kafin ranar, muryata ma ba ta fita. Na aika imel gajere: na gode da gayyata, ba ni da lafiya, har yanzu ina matuƙar son makarantar, ina neman rana mafi kusa. Sun ba ni bayan mako biyu, ba wanda ya sake tayar da maganar. Rashin lafiya, rasuwa, ko intabiyu biyu su haɗu rana ɗaya, duk sun saba gani. Abin da ba sa so shi ne a ɗaga sau biyu, ko a sanar da su ana gobe, ko mafi muni a ƙi bayyana ba labari. Bikin 'yar uwa ma uzuri ne da za su fahimta, matsalar ba fushinsu ba ce, matsalar kujerun da za su ƙare kafin Janairu. Ki tambaye su ko za su sa ki a layin waɗanda ake kira idan wani ya fasa. Ana fasawa sosai bayan tsakiyar Oktoba, lokacin da mutane suka fara samun gurabe, kuma za ki iya dacewa da ranar da ta riga bikin ma.

Maman 'yan biyu:

Duk kun tsallake maganar Babanta, ni kuwa ita ce ta fi tsaya mini. Anti likita kin ce ta riƙe ta yamma. To in ta kashe kuɗi ta je, aka ɗauke ta, ita kaɗai ce ta ɗauke ta, Baba ya ce a'a fa? Ta ƙi gurbi ta sake nema baɗi, a tambaye ta me ya sa, ta ce me? 'Yata, ki samu mahaifinki a natse tun yanzu, ba a gaban baƙi ba, ki ce masa: Baba, in wannan ce kaɗai ta ɗauke ni, za ka bar ni? In ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bari ba, ki janye tun da wuri, ki bar wa wani.

Anti likita:

Maman 'yan biyu kin yi gaskiya, na karɓa. Makarantar da mutum ya tabbata ba zai je ba ko da ita kaɗai ce, babu amfanin zuwa intabiyunta. Sai dai na san iyayenmu maza. "Ba zan bari ba" ta lokacin da babu takarda daban take da ta ranar da aka ajiye musu takardar ɗauka a gaba. Nawa mahaifin haka ya ce, shi ne kuma ya tuƙa ni awa tara ya kai ni da kansa, har da buhun shinkafa a but. A tambaye shi, amma a sa Mama a tsakani.

Mai jiran tsammani:

Ni bara na kwana a layin jira har Yuni, bana ina sake nema. Roƙona ga duk mai karantawa: in kun samu inda kuke so, ku saki sauran da wuri. Ƙa'ida ta ba ku damar riƙe gurabe da yawa har 15 ga Afrilu, a rage zuwa uku, sannan zuwa ɗaya a 30 ga Afrilu, amma ba dole sai kun kai ranar ba. Ranar intabiyun da kuka riƙe kuna sane ba za ku je ba, wani yana can yana duba imel sau hamsin a yini saboda ita.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira su yau. Kaɗan-kaɗan suke bayarwa, kuma MMI ne. Matar da ta ɗauka ta sa ni a layin masu jiran wani ya fasa, amma ta ce kada in dogara da shi.

Na yi waya da Yaya, ina ta kame-kame, ita ce ma ta katse ni ta ce in na kuskura na ɗaga saboda kamu sai ta ɓata mini, wai hotuna za su ishe ni. Don haka na riƙe ranar Juma'ar. Su Mama za su riga ni tafiya, ni kuma na mayar da tikitina daren Juma'a bayan na gama, in sauka Abuja ranar Asabar da dare, in shiga Kano Lahadi da safe in tarar da kai amarya. Canjin tikitin ya ci kuɗi, amma bai kai yadda na ji tsoro ba. Kawu ka yafe mini, rabin shawararka na ɗauka.

Ta yamma ban taɓa ta ba tukuna. Mama ta ce in bar mata Baba zuwa bayan sallar isha'i ranar Asabar.

Kawu na Bronx:

Tunda amarya ta yafe, ni wa? Allah ya ba da sa'a 'yata. In Alhajin ya yi tauri, ki ce wa Mamanki ta kira ni, tare muka yi ƙuruciya da irinsu.