Ƙugiyar tirela ta ƙi zama a bayan Land Cruiser ɗina

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Garwa, na sayi tirela mai ɗakin kwana, ƙugiyarta irin ta AL-KO ce mai hana tirela lilo a kan hanya. Ƙwallon ƙarfen da ke bayan motata, wanda ƙugiyar ke zama a kai, milimita 50 ne, ya yi daidai. Amma idan zan ɗaga hannun ƙugiyar in ɗaura, sai ya daki safayar tayar da ke jikin ƙofar baya, ya ƙi buɗewa sosai. Kwana uku ke nan ina fama.

Wani mai walda ya ce a ƙara wa ƙarfen da ke riƙe da ƙwallon tsawo, ni dai hankalina bai kwanta da walda a wurin ba. Giris ma na goge shi tas, tunda busasshen ƙwallo ƙugiyar take so.

Don Allah wa ya taɓa warware irin wannan? Marwa za mu tafi da iyali ranar Asabar.