Neman Kalmar Hausa: Wane Suna Ya Dace da Bututun da Ake Kafa wa Motar Daji?

'Yan'uwa masu kishin harshe, da malamanmu masu sana'ar gyaran mota, ina so mu tsayar da magana a kan sunan baƙin bututun nan mai kauri da ake gani a jikin motocin shiga daji, wanda yake fitowa daga saman tayar gaba, ya bi ginshiƙin gilashi, ya tsaya daidai da rufin mota. Turawa suna ce masa snorkel, wasunmu suna furta shi sinokul, mutane da yawa kuma salansa suke kiransa. Wannan na ƙarshen kuskure ne tsagwaronsa, domin salansa hayaƙi take fitarwa, shi kuwa wannan bututu iska yake shigar wa inji.

Aron kalma ba laifi ba ne. Birki da giya da sitiyari duk aro ne, sun kuma zauna daram a bakin kowa. Damuwata da sinokul ita ce ma'anar da kalmar ta taho da ita. Asalinta daga Jamusanci ne, kuma ta yi suna ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Jamusawa suka ɗauki dabarar daga jiragen ƙarƙashin teku na ƙasar Holan da suka kama a 1940, suka sanya wa jiragensu na ƙarƙashin teku bututun da ke leƙowa saman ruwa domin injinan dizal su samu iska alhali jirgin yana nutse. Daga baya masu ninƙaya suka ari sunan. Saboda haka duk wanda ya san kalmar, nutso ne yake fara faɗo masa a rai, kuma wannan tunanin ne yake sa direba ya ɗauka cewa da zarar ya kafa bututun, motarsa ta samu lasisin faɗawa kowane kogi.

Sai mun fahimci aikin abin kafin mu raɗa masa suna. A yawancin motoci, ƙofar da inji yake jan iska tana ƙarƙashin bonet ko a cikin madigadi, wato kusa da ƙurar da tayoyi suke tayarwa, kuma kusa da ruwa idan an shiga rafi. Iskar da inji yake zuƙa ba kaɗan ba ce: injin 1HZ na Land Cruiser mai lita 4.2, idan yana juyi 2,000 a minti ɗaya, yana jan kimanin lita 4,000 ta iska a wannan mintin. Kowace silinda daga cikin shidansa tana ɗaukar kusan mililita 700, kuma fistin yana matse wannan iska fiye da ninki 20, har sararin da ya rage a sama bai kai mililita 35 ba. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwan da bai wuce cokali uku na cin abinci ba ya shiga silinda guda, fistin zai taso ya tarar babu wurin zuwa, sai kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, wani lokaci ma ya karye ya huda jikin injin. Abin da bututun yake yi kawai shi ne ɗaga ƙofar iskar nan zuwa sama, inda ruwa ba ya kaiwa kuma ƙura ta fi sauƙi. A gaskiya ma amfaninsa na kullum a kan ƙura yake, domin motar da take bin bayan wata a hanyar burji tana shan ƙura kowace rana, ƙetare ruwa kuwa sai jefi-jefi. Kamfanin Land Rover da kansa yana kiran nasa da sunan da ke nufin ƙofar iska da aka ɗaga sama, kuma zurfin ruwan da ya yarda sabuwar Defender ta shiga, milimita 900, ba ya ƙaruwa don an kafa shi.

An kawo shawarwari, kuma kowace tana da hujjarta. Sunan bututun iska ya yi faɗi da yawa, domin akwai bututun iska a wurare barkatai a jikin mota, har da na na'urar sanyaya ɗaki. Hancin giwa suna ne mai daɗin ji, kuma ina da yaƙinin shi ne zai fi saurin kama bakin yaran gareji, amma laƙabi ne na siffa, ba ya gaya wa wanda bai taɓa ganin abin ba ko mene ne aikinsa, ga shi kuma ba zai zauna da kyau a takardar koyar da sana'a ba. Maƙogwaron inji ya fi dacewa da sashen da ke tsakanin matatar iska da injin kansa, don haka gara a bar masa shi.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne wanda aka gina daga aikatau shaƙa. Hausa tana da hanya biyu a nan. Akwai sunan kayan aiki, irin mabuɗi da matsefi da madubi, wanda zai ba mu mashaƙi. Akwai kuma sunan wuri, irin makaranta da mahauta da mashaya, wanda zai ba mu mashaƙa. Mashaƙi yana da matsala a rubuce, domin tunda ba ma nuna karin sauti a rubutunmu na yau da kullum, mai karatu zai iya ɗaukarsa a matsayin mutum mai shaƙe-shaƙe. Mashaƙa ta fi, kuma ta fi gaskiya, domin abin ba na'ura ba ce mai motsi, wuri ne da inji yake shaƙar iska. Wani malami ya yi gyara mai ma'ana, cewa kalmar ta yi kusa da mashaƙo, cutar nan ta maƙogwaro, kuma tana iya zama jam'in mashaƙi. Allah ya ƙara wa malam basira, amma ina ganin ƙarin kalma ɗaya ya warware duka biyun. Idan muka ce mashaƙar sama, harafin r ya nuna cewa tilo ce kuma mace, ba mashaƙan ba, ba mashaƙon ba, sannan kalmar sama ta faɗi ainihin abin da ya bambanta ta da mashaƙar da mota ta zo da ita daga kamfani. Jam'inta mashaƙun sama, kamar yadda makaranta ta ba mu makarantu.

Mu gwada ta a bakin aiki, mu ji ko za ta ɗauki nauyi. Mai son kafa mashaƙar sama da kansa zai manna takardar awo da ta zo da kayan a jikin madigadi, ya tabbatar ta zauna daidai kafin ya taɓa diril, domin rami idan ya ɓaci ba ya komawa. Bayan ya huda, sai ya goge kaifin bakin ramin, ya shafa masa fenti saboda tsatsa, sannan ya ɗaura mashaƙar, ya haɗa ta da akwatin matatar iska. Inda aikin yake lalacewa shi ne mahaɗai. Kowace mahaɗa tana buƙatar gam da kilif mai ƙarfi, kuma akwatin matatar kansa yakan zo da ƙananan ramuka na zubar da ruwa a gindinsa, waɗanda ta nan ruwan rafi zai shiga idan ba a kula da su ba. Mashaƙar sama mai yoyo ta fi rashinta haɗari, saboda tana ba direba ƙarfin gwiwar da bai cancanta ba. A duk waɗannan jimloli kalmar ba ta yi tuntuɓe ba.

Tsayar da wannan suna ya kuma bar mana kalmar numfashi ga wani ƙaramin gyara da ake yawan mantawa da shi. Aksul da giyabos suna da 'yar ƙofa a samansu wadda iska take fita idan man ciki ya yi zafi, ta kuma koma idan ya huce. Idan aksul mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa nan take, sai ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin sil, wato robar da ke hana mai yoyo, man giya ya koma fari-fari kamar madara, haƙoran giya su fara ci. Maganinsa shi ne a jona siririn tiyo a ƙofar, a ja shi sama zuwa ƙarƙashin bonet, a bar masa sassauci domin aksul yana hawa yana sauka. Tunda a nan iska shiga take yi tana fita, tiyon numfashi ya dace da shi sarai, inji kuwa ta mashaƙa shaƙa kawai yake yi.

Abin da ya rage shi ne kan da ake ɗora wa mashaƙar, wanda iri biyu ne: mai buɗaɗɗen baki da ke fuskantar gaba, da mai zagaye wanda yake juya iska ya watsar da ƙura mai nauyi kafin ta isa matatar iska. Na farkon ina ganin kan mashaƙa ya ishe shi. Na biyun na karkata ga matsamar ƙura, wato inda ake tsame ƙura, amma masu aikin hannu su faɗa mana abin da suke ce masa a gareji, domin idan akwai sunan da ya riga ya zauna, shi za mu rubuta.